Wanda Rosalba Ta Yi wa Kuka

Ranar Lahadin da ta wuce, a falon gidanmu na unguwar Hor Al Anz, nan Dubai, ɗaya daga cikinku ya dube ni ya ce, "Anti Rifkatu, ai aikinku ba wuya. A goga auduga a baki, a jefa a inji, inji ya ce wannan ɗan wane ne, khalas, shi ke nan." Sauran kuka kwashe da dariya, ni ma na taya ku, don bakina cike yake da shinkafa. Amma maganar ta tsaya mini a rai. Tunda na ga biyu daga cikinku sun fara tambayar yadda ake shiga wannan layi na gwajin ƙwayoyin halitta, bari in rubuta muku abin da na sani kafin in tattara kayana in koma Zariya. Mai shiga ya shiga da idonsa a buɗe.

Aikin farko da aka ba ni a Dubai goge benci ne. Na zo da taƙamata, wai ni na yi shekaru a ɗakin gwajin jini na wani asibitin mishan a gida, ina duba zazzaɓin cizon sauro da taifot. Shugabar ɗakin gwajin da ya ɗauke ni, wata doguwar 'yar Sudan da muke kira Dakta Salwa, ta duba takarduna, ta ajiye su gefe, ta miƙo mini kwalbar bilic da tsumma. Wata da watanni ban taɓa samfurin kowa ba. Samfurin farko da na ga an ɗauka a gabana ma nawa ne. Ta sa na buɗe baki, ta goga auduga a cikin kuncina, ta ce daga yau alamomina suna ajiye, in suka bayyana a sakamakon wani za a san bakin wa ya yi surutu. Abin da muke nema ƙanƙane ne ƙwarai, numfashinka kaɗai ya isa ya ɓata shi. "A ɗakin nan ba a hira a kan buɗaɗɗiyar kwalba," in ji ta. "Ki yi atishawa sau ɗaya, kin zama 'yar'uwar wani Bafilipine." Ni da ko a coci bakina ba ya shiru, ku auna irin wuyar da na sha.

Bayan tsumma sai bututun awo. Wani abu ne mai kama da babban biro, ana danna kansa da babban yatsa ya zuƙi ɗigon da ido da ƙyar yake gani. Da ruwa mai launi na koya, ina zuƙa ina zubarwa a kan sikeli, Dakta Salwa tana tsaye a bayana tana lura da kowane ɗigo. Kowane ɗigo da sabon bakin roba. Kowane samfuri da sabuwar safar hannu. In ka yi shakka ko ka canza, to ba ka canza ba, ka zubar ka sake daga farko. Akwai injin da ke juya kwalabe har abin da ke ciki ya kwanta. Akwai wanda ke dafa samfuri ya huce, ya sake dafawa ya sake hucewa, har ɗan abin nan ya yawaita. Na ƙarshe shi ne mai karantawa, wanda kuke gani a fim yana fito da tsinaye masu launi a fuskar kwamfuta. Wannan kuke kira aikin. A wajenmu shi ne lokacin shan shayi.

Abin da injin yake ba mu lambobi ne kawai. A ƙwayar halittar mutum akwai wasu gurabe da muke dubawa, kuma a kowane gurbi mutum yana da lamba biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Su muke kira alamomi. Tsakanin uwa da abin da ta haifa maganar a fili take: a kowane gurbi dole su haɗu a lamba ɗaya.

Na tuna wata Hajiya Bakana, mai sarin takalma da jakunkuna a kasuwar Murshid Bazaar, da ta zo da 'yarta budurwa. Takardun haihuwar yarinyar sun saɓa da fasfo, aka ce sai an kawo shaidar jini kafin a ba ta bizar zama. Hajiya ta shigo ranta a ɓace, tana faɗa da Larabcin kasuwa. Da na ce mata, "Sannu da zuwa, Hajiya, zauna ki huta," sai ta dafe ƙirji.

"Ikon Allah! Malama, ashe tamu ce? To ki gaya musu, a ce wai sai auduga ta shaida ni na haifi Ummi? Ummi, yi murmushi. Dubi wushiryar nan, tawa ce sak! Ga kargo na jirana, kwantena za ta rufe, an zaunar da ni a nan."

Na ce, "Hajiya, na ga wushirya, amma ofishin biza ba ya karɓar ta. Buɗe baki."

Irin wannan aiki daɗi gare shi, sakamako ya fito kowa ya tafi yana dariya. Amma ba kowace ambulan ce mai daɗi ba. Shi ya sa aka hana mu faɗin sakamako a baranda ko a waya, aka hana mu duba fuskar yaro muna cewa ya yi kama da wane. Na ga magidanci ya karanta takarda ya ninke ta, ya sunkuya ya ɗaure wa yarinya igiyar takalmi, ya kama hannunta suka fita. Ban san abin da ya faru a gidan ba, kuma ba hurumina ba ne in sani.

Wahala tana farawa ne idan babu uwa babu uba, sai wa da ƙani, ko kawu da ɗan 'yar'uwarsa. 'Yan ciki ɗaya suna iya haɗuwa a wani gurbi su saɓa a wani. Baƙi biyu da ba su taɓa ganin juna ba su ma suna iya haɗuwa. To a nan sai an tambaya: alamar da suka haɗu a kanta, ta kowa da kowa ce a garinsu, ko kuwa da wuya a same ta? Ku 'yan mata za ku fi saurin ganewa. In kin shiga jirgin ƙasan Dubai kika ga mace da atamfa irin taki sak, har ɗinki, za ki ce lallai akwai inda muka haɗu. Amma in a gidan biki ne aka yi anko, duk matan da suka cika rumfa da zane iri ɗaya ba ya nuna uwarsu ɗaya.

Saboda haka muke da jadawali. Masu bincike a ƙasashe daban-daban sun ɗebi samfurin mutanensu, suka duba wace alama ce ta yi yawa a cikinsu, wace ce ta yi ƙaranci, suka wallafa. Kwamfuta tana ɗaukar jadawalin da ka zaɓa mata, ta auna nauyin kamannin da shi. Ita ba ta san garin kowa ba. Ka ba ta jadawalin da ba shi ba, za ta ba ka amsa cikin ladabi, da lambobi masu kyan gani, alhali ƙarya ce. A kwamfutarmu akwai na Larabawa, na Indiya da Pakistan, na Filipin, na Turai, da na Afirka. Na sha yin mita a kan na ƙarshen nan, jadawali ɗaya tal, sai ka ce Bakano da Bahabashe kakarsu ɗaya. Dakta Salwa takan ce in yi haƙuri, ita ma a ciki aka cusa ta.

Ƙashi shi ne aikin da aka fi daɗewa kafin a bar ni in taɓa. Idan gawa ta ƙone ko ta daɗe, jini da nama ba sa amfani, sai haƙorin turmi ko guntun ƙashin cinya. A kankare bayansa, a wanke, a shanya, a daskarar da shi, sannan a niƙe shi ya zama gari. Dakta Salwa ba ta buɗe akwatin ƙashi sai ta yi bismilla, ni kuma in yi tawa addu'ar a zuci. Babu littafin aikin da ya ce a yi haka, amma ban taɓa ganin ta manta ba, ni ma sai na ɗauka.

Shekarar da annobar korona ta rufe duniya ita ce mummunar shekararmu. Aka kwashe kusan duk ma'aikata aka kai su ɓangaren gwajin hanci, ɗakinmu ya rage daga ni sai Dakta Salwa. Sinadaran aikinmu ta jirgi suke zuwa, jirage kuma sun tsaya, muka koma lallaɓa ɗan abin da ke firji. Murshid Bazaar da ba a samun wurin sa ƙafa ta zama wayam, amalanken 'yan dako a ɗaure da sarƙa. Mutane suka rasa aiki, biza ta ƙare, wanda aka kora daga ɗaki ya koma kwana wajen ɗan garinsu a ɓoye. Gawa ma ba ta samun jirgi da sauƙi. Wadda ba a san mai ita ba kuwa, bayan wani lokaci a nan ake binne ta.

A cikin wannan hali aka turo mana wani akwati mai hatimi, da haƙora biyu da guntun ƙashin cinya a ciki. Gobara ce ta tashi a ɗakin kwanan da ke bayan wani garejin fentin mota a unguwar Ras Al Khor, aka fito da gawa ɗaya, ba fuska ba yatsu. Ɗakin na wani mai fenti ne ɗan Meksiko, sunansa Efrain. Amma maƙwabta sun ce akwai wani ɗan garinsu, Nestor, da ya rasa aiki bizarsa ta ƙare, yakan zo ya kwana a wurin. Tun ranar gobarar ba a ga ko ɗayansu ba, wayoyinsu duka a kashe. In Nestor ne ya tsira, dama shi a ɓoye yake. In Efrain ne ya tsira, yana da dalilin gudu, tunda shi ya ajiye mutum ba bisa ƙa'ida ba har aka rasa rai. Burushin haƙori, tsefe, hula, duk abin da za mu iya gwadawa wuta ta cinye.

Wadda ta zo ba da samfuri yayar Efrain ce, Rosalba. Gajeriya ce kakkaura, da kitso ɗaya har gadon baya, mai dafa abinci a wani otal da shi ma aka rufe. Turancinta da nawa duk na kasuwa ne, sai muka fahimci juna tsaf.

"Ƙanena ne," ta ce. "Ni na goya shi. Ni na kawo shi ƙasar nan. In shi ne, ki ba ni shi in kai wa mamarmu."

Na ɗauko takarda na zana bishiyar dangi kamar yadda muke yi wa kowa, da'ira mace, murabba'i namiji. "Uwa ɗaya uba ɗaya?" na tambaye ta. Ta ce eh, tana kallon hannuwanta. Ban kawo komai a raina ba, don mutanen da ke zama a kujerar nan kowa da inda yake kallo.

Haƙori ɗaya muka niƙa, ya ba da alamomi masu kyau. Da na zo zaɓen jadawali sai na ga babu na mutanenta. Sunanta na Sifaniya, yarenta na Sifaniya, duk wanda ya zauna a kujerata a Dubai na Turai zai fara gwadawa, ni ma shi na gwada. Amsa ta fito da ƙarfinta: ya da ƙani ne. A ƙa'idarmu sakamako ba ya fita sai mutum biyu sun duba, kuma ba lambar ƙarshe kaɗai ake dubawa ba, sai an bi gurbi-gurbi an ga inda nauyin ya taru. Muka zauna ni da Dakta Salwa, kowa da takunkuminta, muna bi da biro.

"Shwaiya shwaiya, habibti," ta ce da Larabci, wato in bi a hankali. "Dubi nan, da nan, da nan. Duk ƙarfin amsar a kan waɗannan ukun ya tsaya. Kwamfuta ta ce alamomi ne masu wuyar samu. A ina suke da wuya?"

Na ce, "A Turai."

"Matar nan ta yi miki kama da 'yar Turai?"

Ba ta yi ba. Muka ajiye takardar ba mu sa hannu ba, muka shiga neman abin da masu binciken can suka wallafa. A nan na fara sanin kalmar Mestizo. Haka ake kiran yawancin mutanen Meksiko da maƙwabtansu: jikokin 'yan asalin ƙasar ne da Turawan Sifaniya da suka ci su da yaƙi, a wasu wuraren da jinin mutanenmu na Afirka da aka kwasa bauta. Amma haɗin ba iri ɗaya ba ne. Kamar damun fura ne, wani gida nono ya fi yawa, wani gida gero. Can arewacin ƙasar jinin Turai ya fi ƙarfi, kudu na 'yan asali, bakin teku kuma ka tarar da namu. Layin uwa yawanci na 'yan ƙasa ne, layin uba yawanci na baƙin da suka zo, kuma wanda ya san yadda yaƙi yake ba sai an yi masa bayanin dalili ba. Saboda haka babu jadawalin Mestizo guda ɗaya, kowane yanki da nasa.

Na kira Rosalba na tambaye ta garinsu. Ta ce can kudu ne cikin duwatsu, ƙaramin gari, kakarta ma ba ta jin Sifaniyanci. Muka shigar da jadawalin yankin da hannu, ina karantawa Dakta tana bugawa, sannan muka yi musaya. Alamomin nan uku da ake ta wa kallon abin mamaki, ashe a garinsu anko ne. Amsar ta zube. Ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba. Ga shi Nestor ɗan garin ne shi ma, duk abin da Rosalba ta haɗa da gawar zai iya zama na gari ɗaya ne kawai.

Ranar da muka gaya mata ba na son tunawa da ita. Ashe ta riga ta fara makoki. Kowace Lahadi takan je ta tsaya a jikin katangar inda ake ajiye gawarwaki, tunda ba a barin shiga, ta ja carbinta tana kiran sunan Efrain. Da ta ji mun ce ba mu sani ba, sai ta miƙe.

"Ku ce shi ne kawai. Na yarda. Ni zan sa hannu, ba ku ba. An gaya mini in lokaci ya wuce za a binne shi a nan."

Dakta Salwa ta ce, "Wallahi da zan iya da na yi. Amma in ba shi ba ne fa? Shi ma wancan yana da uwa."

Rosalba ta faɗi wata magana da yarenta, wadda ban nemi fassara ba, ta fita. Na ji zafinta har raina. Na ji haushin jadawalin, na ji haushin Dakta, na ji haushin kaina, duk da na san daidai muka yi.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, mai gadi ya ce wata mata tana nemana a ƙofar baya. Ita ce, da gurasar masara mai ɗumi a naɗe cikin tsumma. Ta ce ba toshiya ba ce, hannunta ne ya kasa zama. Muka zauna a matakala, ita can ni nan, kamar yadda doka ta ce a lokacin. Na ce mata akwai hanya ɗaya mai sauƙi. Tunda mahaifiyarsu tana raye, a ɗauki samfurinta a can, a karanta a turo mana lambobin. Tsakanin uwa da ɗa ba a dogara da jadawali sosai, magana za ta ƙare. Ta ce mama ta tsufa. Na ce auduga ce kawai. Ta ce hanya a rufe take. Na ce za a samu mota. Ta ce mama ba ta son asibiti. Sai na dube ta, don irin wannan kewaye-kewaye na san shi tun daga gida.

Na ce, "Rosalba, bari in ba ki labarin garinmu. A wajenmu ana ba da yaro riƙo. Ni goggona ce ta yaye ni, a ɗakinta na tashi, ita nake kira Mama. Sai da na yi wayo na gane wadda take zuwa da Kirsimeti tana kawo mini takalmi ita ta haife ni. 'Ya'yan goggo kuwa, duk wanda ya ce ba 'yan'uwana ba ne sai mun yi dambe. Amma in kika kai audugata da ta Mama ɗakin can sama, injin zai ce ba ita ta haife ni ba."

Ta daɗe tana murza bakin tsumman. Sannan hawaye suka jiƙa takunkuminta.

"Mamata uwar baftismarsa ce," ta ce. "A wajenmu wadda ta riƙe jariri a coci ta yi alkawari a gaban Allah, in uwarsa ta gaza ita ce uwa. Wadda ta haife shi yarinya ce, ba dangimmu ba, ta tafi birni aikatau. Aka kawo mana shi ko zama bai fara ba. Aka yi masa takarda da sunan babanmu." Ta share fuska. "In na faɗa, za ku ce ni ba kowa ba ce. Za ku binne shi cikin rairayi, babu mai kai masa ko fure."

Na ce mata mu jini muke nema don mu san wanene. Wanda zai karɓe shi kuwa maganar iyali ce da ofishin jakadancinsu, kuma ba wanda zai cire ta daga matsayin yayarsa. Da na hau sama na gaya wa Dakta Salwa, sai ta zauna ta ce, "Ya Latif." Kowace ta san abin da ɗayar take tunani. Takardarmu ta farko ta kira su ya da ƙani da babbar murya, alhali ko gawar ta Efrain ce ko ta Nestor, Rosalba ba ta haɗa ciki da ita ba.

Tsohuwar da ta riƙi Efrain ta san inda mahaifiyarsa take, tana sayar da kayan miya a kasuwar wani gari. Sun yi shekaru ba su ga juna ba. Ita da aka ce ta tsufa, a bayan motar kaya ta shiga ta je ta buga ƙofar, suka tafi tare wani ɗakin gwaji a babban birnin yankin. Rosalba ta nuna mini hotonsu a waya, tsofaffi biyu a benci, kowace da takunkumi, hannu cikin hannu.

Da lambobin suka iso na buga su a takarda, na jera da na gawar, na ɗora rula ina saukowa. Gurbin farko ya haɗu. Na biyu ya haɗu. Na uku bai haɗu ba. Saɓani ɗaya yakan faru ko tsakanin uwa da ɗa, don haka na ci gaba. Can ƙasa wani ya saɓa, sai wani, sai wani. Na kira Dakta. Muka niƙa ƙashin cinyar muka sake daga farko, da sinadarin da muke ta tattali, ya ba da abin da haƙorin ya bayar. Matar nan ba ita ta haifi mutumin da ke cikin firji ba.

Muka zaunar da Rosalba a ofis, Dakta ta ce ni in faɗa.

Na ce, "Ba Efrain ba ne."

Ba ta yi ihu ba. Ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska da tafukanta, kafaɗunta suna rawa. Da ta ɗago ta ce, "To yana ina?"

"Wannan jini ba ya faɗa."

Ta gyaɗa kai. Na ɗauka ta gama. Sai ta ce, "Duk Lahadin nan ina kiran Nestor da sunan wani."

Na ce mata a hankali ba mu tabbatar Nestor ba ne tukuna. Don ba wannan ba ne, ba ya nuna wancan ne, sai an gwada nasa dangin. Na zaci za ta sake fushi. Ta miƙe ta karkaɗe siket, ta ɗauko waya a gabanmu ta kira gida. Da ta gama ta ce mini ta gaya wa mamarta labari mai daɗi, sannan ta roƙe ta ta sake sa takalminta, akwai wata ƙofar da za ta buga a bayan coci. "Ba zan bari a gaya wa uwar Nestor a waya ba," ta ce.

Efrain ya bayyana bayan labari ya zaga cikin mutanensu. A wata gona yake can bayan gari, ya rame, ya jefar da waya don tsoro. Ranar gobarar ya kai wa wani mota ne, ya bar abokinsa yana barci. Ya je ya amsa tambayoyin hukuma, Rosalba tana zaune a waje tana jiransa.

Lambobin uwar Nestor kuwa, da na ɗora rula, tun daga sama har ƙasa babu gurbin da ya saɓa. Muka sa hannu mu biyu. Rosalba ce ta yi ta zirga-zirgar takardu har aka samu jirgin kaya da zai ɗauke shi. Ana gobe za a tafi ta zo ƙofar baya da waya a hannu, ta ce uwar Nestor tana son magana da ni. Na ga wata 'yar tsohuwa da baƙin gyale, idonta a bushe. Ta yi magana, Rosalba ta fassara: wai an ce mun cire masa haƙora, tana tambaya ko za mu mayar masa.

Na ce a gaya mata ɗaya mun niƙa, ba yadda za mu yi. Amma ɗayan, da garin da ya rage, da sauran ƙashin, na naɗe su da hannuna a farin ƙyalle, suna cikin akwatin tare da shi. Rosalba ta faɗa mata. Tsohuwar ta kalle ni ta cikin wayar, sannan ta ce wani abu gajere.

Na ce, "Me ta ce?"

Rosalba ta share idonta. Sai ta ce, "Ta ce ta gode. Yanzu za ta iya fara kuka."